Kalman Nan Ta Turanci "Expect": Tsammani Ce Ko Umurni?

Kwanakin baya wani saurayi, ɗan wani amininmu, ya zo mana da takarda a hannu, ransa a ɓace. Ya nemi aiki a wata ma'aikata, aka jarraba su, ya ci, aka aiko masa da takarda cikin Turanci. A cikinta akwai layi guda da ke cewa, "You are expected to report for duty on Monday." Yaron nan ya yi makaranta, karatu bai gagare shi ba. Ya fassara wa kansa cewa ana tsammanin zai zo ran Litinin. To, a makon nan kuwa a ke bikin ƙanwarsa a ƙauye. Ya ce a ransa, tun da ya ke tsammani kawai su ke yi, in an watse daga biki ya je. Ya isa ran Alhamis, ya tarar an ba wani gurbinsa.

Ya ce mana, "Baba, ai ba su ce dole ba. Da dole su ke nufi, da sun rubuta must."

Muka ce masa, "Ɗana, sun faɗa, kunnenka ne bai kama ba."

Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu tsaya a kan kalman nan tare da masu karatu. 'Yar ƙarama ce, harafi shida, ko wane ɗan makaranta ya san ta, kuma in ka tambaye shi ma'anarta zai ce maka tsammani. Bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa, ragowar rabin kuwa shi ne ke cin mutane.

Turawan Ingila aro kalman nan suka yi daga Latin, harshen Rumawan dā, a cikin ƙarni na 16. A Latin a kan ce "exspectare", kalmomi biyu ne aka gama: "ex", watau waje, da "spectare", watau dubawa. Ma'anarta ta fari ke nan leƙen waje, kamar yadda maigida kan fito ƙofar zaure ya yi ta duban hanya in ya san baƙo na tafe. Mu ma muna da irin wannan a bakinmu, gama mu kan ce mun zuba ido, ko muna duban hanyar wane. Daga saiwan nan ta "spectare" aka sami "spectacles", tabarau, da "inspector", mai duba cikin al'amari, wanda Bahaushe ya karɓa ya lanƙwasa ya zama sufeto. A zamanin Shakespeare, mashahurin marubucin nan da ya rasu a 1616, a kan yi amfani da "expect" a nufi zaman jira sosai. Wannan ma'ana ta tsufa ta faɗi, yanzu "wait" ce ke ɗauke da ita.

Turancin yau ya raba kalmomi uku waɗanda mai koyo kan cakuɗa, ga su: "wait" da "hope" da "expect". Ta fari ta jiki ce, ta biyu ta zuciya, ta uku ta hankali. Mu ɗauki manomi. In ya fake a rumfa har ruwa ya ɗauke, yana dako ne, "wait" ke nan. In damina ta yi tsaiko, sama ta yi fayau babu ko gizagizai, shuka na yaushi, ya ɗaga kai yana roƙon Allah, fata ya ke yi, "hope" ke nan. Amma in ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi ta taso, ya ce wa yara su kwashe shanya, to, wannan ne "expect", gama ya ga dalili, hankalinsa ya gaya masa abin na zuwa. Sabo da haka fata ba ta shiga sai ga abin da a ke so, "expect" kuwa ba ruwanta da so ko ƙi. Likita ya iya fata majinyaci ya tashi alhali kuwa iliminsa ya nuna masa ba zai kai safe ba. Ba mu kaɗai rabon nan ke ba wuya ba. Mutanen Sifen kalma ɗaya gare su, "esperar", ita ce jira, ita ce fata, ita ce tsammani, su ma sai sun yi da gaske kafin su rarrabe.

Amma namu ciwon dabam ne. A kunnen Bahaushe tsammani abu ne marar ƙarfi. Mu ne muka ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Mu ne muka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wanda aka ce ana tsammaninsa bai ji an ɗora masa kome ba, in ya zo madalla, in bai zo ba masu tsammani ne suka yi kuskure. Bature kuwa ya kan ɗauki wannan kalma ya ɗora wa mutum kaya da ita. Babu labarin da ya fi nuna haka kamar wani abu da ya faru a teku fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, jiragen yaƙin Ingila 27 suka yi arba da jiragen Faransa da na Sifen 33 kusa da wani tsinin ƙasa da a ke kira Tarafalga, a kudu maso yammacin Sifen. Shugaban mayaƙan Ingila shi ne Horatio Nelson, yana cikin jirgin da a ke kira Victory. A zamanin nan babu rediyo, da tutoci jirage ke magana da juna. Akwai wani littafi da wani hafsa, Sir Home Popham, ya tsara, inda aka ba ko wace kalma da a ke yawan bukata lamba tata. In ana son a aika da kalma sai a ɗaga tutocin lambarta bisa dogon itacen jirgi, na nesa su duba da madubin hangen nesa su buɗe littafi su gane. Kalmar da ba ta cikin littafin kuwa sai a bi ta harafi harafi, ko wane harafi da tasa ɗagawa.

Gab da tsakar rana, jirage na matsar juna, Nelson ya kira hafsan da ke lura da tutoci, Laftanan John Pasco, ya ce a aika wa dukan jirage cewa Ingila ta amince ko wane mutum zai yi abin da ya wajaba a kansa. Kalmar da ya zaɓa ita ce "confides", watau amincewa. Ya kuma ce a gaggauta, gama akwai wani saƙo da zai biyo baya, na umurnin a matsa wa abokan gāba. Pasco ya ce masa kalman nan ba ta cikin littafi, harafi takwas ce, sai an ɗaga tuta sau takwas, amma akwai "expects", lambarta 269, ɗagawa ɗaya ta isa. Nelson ya yarda. Saƙon da ya tashi ke nan: "England expects that every man will do his duty." An ɗaga tutoci sau 12, takwas domin kalmomi takwas na farko, huɗu domin kalmar ƙarshe, gama ita ma ba ta cikin littafin.

A ganinmu gaggawan nan ta sāke saƙon fiye da yadda su biyun suka lura a lokacin. Amincewa maganar uba ce da ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, na yarda da kai. Kalmar da ta maye gurbinta kuwa maganar mai iko ce, na ɗora maka, in ka kasa za a tambaye ka. Cikin dubban mutanen da aka karanta wa saƙon nan babu wanda ya ɗauka Ingila zato ta ke yi ko zai yi yaƙi ko ba zai yi ba. Ingila ta ci nasara, ba ta rasa jirgi ko ɗaya ba, Nelson kuwa wani maharbi daga jirgin Faransa ya same shi da harsashi, ya cika kafin faɗuwar rana. An zana maganar a gindin dogon ginshiƙin tunawa da shi da ke tsakiyar Landan, kuma ko wace shekara ran 21 ga Oktoba a kan ɗaga tutocin nan bisa Victory, wanda ke ajiye a Portsmouth. Yaran Ingila da yawa a nan su kan fara jin nauyin kalmar, mu kuwa a ƙamus muka tsince ta, an rubuta tsammani a gabanta.

To, ƙaƙa mai karatu zai gane inda kalmar ke nufin hasashe da inda ta ke nufin umurni? Waɗansu malamai su kan ce a duba ginin jimla: in an ambaci mutum sa'an nan "to" ta biyo, kamar "I expect you to come", umurni ne, in kuwa "that" da "will" suka biyo, hasashe ne. Wannan ya kan taimaka, amma bai isa ba. Ga maganar Nelson nan da "that" da "will", umurni ce tsantsa. Ga kuma "The train is expected to arrive at four", da "to" a ciki, amma ba wanda ya umurci jirgin ƙasa, an dai lasafta zai iso ƙarfe huɗu. Abin da ya fi shi ne mutum ya yi wa kansa tambaya biyu. Wa ke magana? Abin da a ke maganar kuma a hannun wa ya ke? In mai maganar yana da iko a kanka, abin kuma a hannunka ya ke, kamar zuwa aiki, ko biyan kuɗin makaranta, ko sa tufafin da aka ƙayyade, to, an umurce ka ke nan cikin ladabi. Baƙon abu ba ne a gare mu. In Sarki ya aiko ya ce yana so ya gan ka a fada gobe da hantsi, wane ne zai ce ai so kawai Sarki ya ce, bai ce tilas ba? Ma'aikatan ofis na Turawa ba su cika son rubuta wa baligi "must" ba, suna ganin da kaushi, sai su sa wadda ta fi taushi a baki, nauyin kuwa ɗaya ne.

Yanzu mu juya ta ɗaya fuskar, inda hasara ta fi yawa. A ce ɗan kwangila ya kai kaya wata ma'aikata, aka rubuto masa, "We expect to pay you at the end of the month." Ya karanta ya ce alhamdu lillahi, sun yi alkawarin biya ƙarshen wata. Ya tafi ya ci bashi a kan haka, ya ce wa masu binsa su zo ran ɗaya ga wata. Wata ya mutu, wani ya kama, shiru. In ya kai ƙara, abin da za a fara nuna masa shi ne takardan nan ba ta ɗauki alkawari ba. Masu ita sun faɗi abin da su ke gani zai yiwu, ba su ɗaure kansu ba. Wanda ke son magana mai ɗauri sai ya nemi a rubuta masa "shall pay" ko "undertake to pay", da rana ƙayyadadda. Lauyoyi sun san wannan sarai, shi ya sa manyan kamfanoni, in suna ba masu hannun jari labarin ribar baɗi, ba su rabuwa da kalman nan.

Ka ga ke nan kalma ɗaya tana aiki biyu masu kishiyar juna. In babba ya faɗe ta game da kai, ta ɗaure ka. In ya faɗe ta game da kansa, ta kwance shi. Mai fassara ta da tsammani ko yaushe ya kan faɗi ta gefen biyu, ya ɗauki umurni a kan zato, ya ɗauki zato a kan alkawari. Ba mu ce duk mai rubuta ta game da kansa mayaudari ba ne. Mai gaskiya ma ya kan zaɓe ta domin ya san gobe ba a hannunsa ta ke ba, kusan kamar yadda mu kan ce in Allah ya yarda. Sai dai mun san a cikinmu ma akwai mai faɗin in Allah ya yarda da niyyar cikawa, akwai mai faɗinta don a rabu lafiya.

A asibiti ma kalmar tana nan tana rikita mutane. A katin awon ciki a kan rubuta haruffa uku, EDD, na farkon kuwa daga "expected" ya fito, watau ranar da aka lasafta za a haihu. Lissafin kwana 280 ne, mako 40, daga ranar da mace ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe. Jariran da ke zuwa a ainihin ranar ba su wuce kimanin huɗu ko biyar cikin ɗari ba, sauran kafin ta ko bayanta su ke zuwa. Sabo da haka in rana ta wuce da kwana biyu ba ƙaryar ungozoma ba ce, in kuma naƙuda ta taso saura mako guda kada a zauna a gida ana cewa ai rana ba ta yi ba. Haka kuma abin da a ke kira "life expectancy", wanda a kan ji a labarai cewa na ƙasa kaza shekara kaza ne. Wani ya kan ji ya tsorata, ya ce an yanka masa wa'adi. Matsakaicin lissafi ne kawai. In an haifi mutum biyu, ɗaya ya rasu cikin zanen goyo, ɗaya ya kai tamanin, lissafi zai ce arba'in, alhali ba wanda ya mutu yana da arba'in a cikinsu. Irin lissafin nan tsoho ne, masanin taurari Edmond Halley ya buga nasa tun 1693, da ya tsara daga littattafan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau.

Tun da mun taɓo haihuwa, ga wani tarko da ya kamata mata su sani. In aka ce "She is expecting" aka yi shiru, ba a faɗi abin da a ke tsammani ba, ma'ana tana da juna biyu. Sakayawa ce irin tamu, don kunya. Yarinyar da aka tarar a tasha tana duban hanyar yayanta, aka tambaye ta me ta ke yi, in ta ce "I am expecting" ta tsaya nan, ta ba da labarin da ba ta nufa ba. Sai ta cika, ta ce "I am expecting my brother."

Akwai kuma inda kalmar ke yin sanyi har ta zo daidai da namu tsammanin. Mutumin Ingila ya kan ce wa baƙo "I expect you are tired", watau ina jin ka gaji. A nan babu maganar gaba, babu umurni, zato ne kurum. Waɗansu masu tsananta wa harshe sun yi ta sukan wannan, suna cewa ba a leƙen abin da ya riga ya iso. H. W. Fowler, wanda littafinsa na ƙa'idodin amfani da Turanci ya fito a 1926, ya ga sukan nan tsanani ne marar amfani, mutane kuma suka ci gaba da abinsu. An fi jin wannan a Ingila bisa Amurka.

Kurakuran gini kaɗan ne, amma suna da naci. "Wait" ba ta tafiya sai da "for", "expect" kuwa ba ta so, sabo da haka "I am expecting for you" kuskure ne, "I am waiting you" ma kuskure ne. A kan ce "I expect to see him", ba a cewa "I expect seeing him". In za a kore magana, Bature ya fi son ya kai korewar gaba, ya ce "I do not expect he will come", kamar dai yadda mu ke cewa ba na tsammanin zai zo. In kuwa shugabanka ya dube ka ya ce "I expected better of you", kada ka yi godiya, faɗa ya yi maka. A kuma lura da alƙalami, gama "expect" da "except" haruffansu ɗaya ne, wuri kawai suka sāke, ta biyun kuwa ma'anarta ban da. Mun sha ganin takardar gayyata da aka so a ce ana sauraron kowa, aka rubuta an ware kowa.

Saura 'yar'uwarta, "anticipate", wadda masu son babban Turanci kan ɗauko domin ta fi tsawo. Ita ma daga Latin ta ke, "ante", kafin, da "capere", kamawa, watau kama abu tun bai iso ba. Kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce riga, irin ta rigakafi. Ɗan kasuwan da ya ga alamar hatsi zai yi tsada da bazara, in ya tsaya a kan gani, "expect" ya yi. In ya tashi tun da kaka ya saya ya cika rumbu, to, ya yi "anticipate", ya riga tsadar. Fowler ya ƙi a yi amfani da ita a madadin "expect", amma a nan jama'a ba su bi shi ba, ƙamusoshin yanzu sun karɓi ma'anar biyu. Duk da haka mu muna ganin rabon yana da amfani, gama akwai bambanci tsakanin hakimin da ya san ambaliya na zuwa da wanda ya ta da mutane daga bakin kogi tun ruwa bai iso ba. Abu ɗaya dai tabbatacce ne, ba a umurni da "anticipate". Wannan aiki na "expect" ne ita kaɗai.

Saurayin nan da muka fara da labarinsa ya koma yana taya kawunsa zaman kanti. Bayan 'yan watanni sai ga shi ya sāke zuwa, wannan karon fuska a sake, da wata takarda daga wata ma'aikata dabam. An rubuta masa, "We expect to be able to offer you a post early next year." Ya ce, "Baba, wannan karon ba za a yi ni sau biyu ba. Na gane kalman nan dole ta ke nufi. Gobe zan sallami kawu, in fara shiri."

Muka ce, "Zauna tukuna, ɗana. Wa ke magana a takardan nan?"

Ya ce, "Su ne."

"Game da wa?"

Ya sāke karantawa a hankali, leɓunansa na motsi. Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce bari ya koma, gama ya bar kantin ba kowa, kawu kuma ya tafi masallaci.